Hayaƙin Malam Uzairu

A gidanmu ni ce ta tsakiya. Yaya Lauwali ne babba, sai ni Mas'uda, sai Uzairu, wanda labarinsa nake so in bayar. Na zaɓi in rubuta da boko ne don Yaya ba ya karanta boko. Duk wanda ya ɗauki wannan ya je ya karanta masa, shi da Allah, ni dai ban aike shi ba.

Mu 'yan kasuwa ne tun kaka da kakanni. Mahaifinmu yana saro tasoshi da farantan tagulla daga Ƙonni ya kawo Illela, kuma mutane suna ba shi kayansu ya tsallakar musu da su iyaka. Doka ɗaya ce da shi, kuma da bulala ya koyar da ita: kayan amana ba sa barin hannunka da tabo. In aka ba ka abu, ka miƙa shi ya fi yadda ka karɓe shi tsabta. Mun tashi hannuwanmu kullum a tsattsage saboda toka da lemon tsami, da su muke dirzar tagulla har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Yaya ya fi kowa ƙwarewa a wannan aiki, kuma ya fi kowa imani da shi.

Baba ya rasu Uzairu yana firamare. Yaya, wanda a lokacin ko gemu bai fara ba, ya ajiye nasa karatun na allo ya zauna a rumfa. Ya ce dole ɗaya daga cikinmu ya yi boko har ƙarshe, ya kuwa zaɓi Uzairu. Ba don ya hango wata baiwa ba ne. Dalilin shi ne Uzairu bai iya ciniki ba ko kaɗan, in aka taya kaya tayin farko sai ya sallama, har da godiya. Tun daga ranar Uzairu ya ɗauki Yaya ya ajiye a wurin uba. Ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya kallon idonsa, kuma har yau da furfurarsa in zai shiga zauren Yaya a waje yake barin takalmi.

Ya yi jami'a a Sakkwato, ya karanta fiziks. A can ya haɗu da Malam Sahabi, wani dattijo mutumin Ƙonni da ke koyarwa a Yamai, wanda ya zo wani taro ya yi lacca a kan hasken taurari. Ba a cika mutum goma ba a ɗakin laccar, in ji Uzairu, kuma rabinsu sun shiga ne don fanka. Shi kuwa ya fito kamar an canza shi. Da ya gama karatu an yi masa tayin ci gaba a wani wuri, amma Inna ta kwanta ciwo, Yaya ya ce yana son ƙanensa kusa da shi. Uzairu bai yi musu ba. Ya dawo Illela ya kama koyarwa a sakandare, ya auri Shahida, suka haihu, shekaru suka yi ta wucewa. Albashinsa ba ya kai wa ƙarshen wata, kuma duk garin sun san buhun shinkafar gidansa daga rumfar Yaya yake fitowa.

Mutanen Illela ba su taɓa gane abin da yake yi ba, ni ma na daɗe ban gane ba. Da aka ji yana harkar taurari, mata suka fara zuwa da goro suna so ya duba musu ko miji zai dawo daga Agadas. Yana korarsu cikin ladabi, sai aka yanke cewa ya sani, rowa ce kawai. A majalisar 'yan kasuwa kuwa sunansa Malam Sama. In ya wuce a kan tsohon babur ɗinsa sai wani ya ce, “Malam, yau nawa anka sai da tauraro?” Ya yi murmushi ya wuce. Ni abin yana ƙona mini rai, shi ko a jikinsa.

Wata rana da la'asar ya zo gidana ina tsintar wake, na tsare shi na ce yau sai ya gaya mini abin da ya hana shi zama mutum kamar kowa. Ya ɗauko wani tsohon faifan sidi da jikokina suka yar a tsakar gida, ya juya cikinsa wajen rana. Launuka suka tashi a kai, ja da ɗorawa da kore da shuɗi.

“Kin gani, Yaya Mas'uda? Hasken ga hwari na ga ido, amma in anka taje shi sai ki ga launukan da ad cikinai. Bisa hwaihwan ga akwai zane-zane ƙanana da ido ba ya gani, su ka taje hasken awa mataji.”

“To sai mi?” na ce.

Sai ya yi mini bayani, kuma zan faɗe shi yadda na riƙe. Wai tauraro irin ranarmu in ya tsufa kumbura yake yi, ya fesar da jikinsa ya zama hayaƙi mai kewaye da shi, ya bar ɗan ƙaramin garwashi a tsakiya. Garwashin ne ke haska hayaƙin. Masana suna kiransa nebula, shi kuwa hayaƙi yake cewa, mu ma muka bi. Hayaƙin yana ta buɗewa yana dusashewa shekaru dubbai, har ya ɓace. In aka taje hasken irin wannan hayaƙi ba duk launuka ake gani ba, layuka ne 'yan kaɗan suke tsayawa, musamman wani kore da wani ja. Daga tsayin waɗannan layuka ake karanta irin iskar da ke ciki, da zafinta, da yadda tauraron ya yi rayuwarsa. Sababbin hayaƙan suna da haske, kowa ya san su. Tsofaffin, waɗanda suka kusa ɓacewa, su ne ke da wuyar gani, kuma su yake so.

“Rana ma haka za ta ƙare,” ya ce.

“Wanga sai Allah.”

“Abin da nac ce ke nan,” ya ce, ya sa hannu yana taya ni tsintar wake.

Aikinsa ba na kallon sama ba ne yadda mutane ke zato. Manyan wuraren binciken taurari na duniya sun ɗauki hotunan sama kaf sun zuba a intanet kyauta, kuma hotunan sun fi ƙarfin masu dubawa. Uzairu yakan zauna a ofishin malamai bayan an tashi, da wata kwamfuta da aka ɗaure murfinta da roba, ya sa layin wayar Nijar don ya fi kamawa a wajen makarantarsu, ya yi ta bin hotunan nan ɗaya bayan ɗaya yana neman inda haske ya ɗan yi zobe. Ya yi shekaru a haka. Akwai ƙungiyar masu irin wannan sha'awa a Turai, kuma ƙa'idarsu ita ce wanda ya fara gano hayaƙi, in aka taje haskensa aka tabbatar, da sunansa ake kiran hayaƙin.

Sau ɗaya ya taɓa aika musu abin da ya gani, tun yana da sauran ƙuruciya. Aka duba aka ce ba hayaƙi ba ne, tabo ne a jikin hoton. Amsar ba ta da zagi, amma gajeriya ce, irin wadda ake ba wanda ba a sa ran zai sake magana. Uzairu ya haɗiye, ya yi wa kansa alkawari cewa ba zai ƙara aika komai ba sai da shaidar layukan a hannunsa, wadda shi da kansa ya auna. Taurin kai gadon gidanmu ne, kowa da inda yake ajiye nasa.

Daga baya ya sami wani zoben. Ya nuna mini, na zura ido har hawaye suka zo, sannan na ga wani abu kamar shaidar da gindin kofin shayi ke bari a kan tebur. Ya ce wannan ba tabo ba ne, ya gwada shi a hotuna daban-daban yana nan, kuma babu shi a cikin sanannun. Ya ce tsoho ne tukuf. A ranar na gane cewa mutumin nan da gari ke wa dariya abu ɗaya yake nema a duniya, ya auna hasken zoben nan da hannunsa, daga ƙasarmu, ya tabbatar wa kansa cewa shekarun nan bai zubar da su a banza ba.

Kayan aunawar suna wurin Malam Sahabi, wanda ya yi ritaya ya dawo gida Ƙonni. Madubin hangen nesa ne mai tsawon turmi biyu, da kyamara, da wata 'yar na'ura da dattijon ya harhaɗa da kansa tun yana Yamai. A cikin na'urar akwai ɗan gilashi da bai fi kwalin ashana ba, mai zane-zanen nan da ke taje haske, sai dai nasa sun fi na faifan sidi kyau nesa ba kusa ba. Shi ne ran kayan gaba ɗaya. Suka shirya cewa in damina ta ɗauke sama ta wanke, lokacin da zoben ke hawa tsakiyar sama, za su kai kayan bakin tafkin Kalmalo su auna. Uzairu yakan ce babu inda ya kai wajen duhu mai kyau, don babu wutar lantarkin da za ta dame su. Wannan ne kaɗai amfanin rashin wuta da na taɓa jin wani ya faɗa.

A cikin daminar nan aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka. A cikinta kuma Malam Sahabi ya rasu. Kafin ya cika ya gaya wa iyalinsa cewa kayan nan na Uzairu ne.

Rufe iyaka a Illela ba ya hana kowa tsallakawa, ƙofar kwalta kawai ake rufewa, daji yana nan a buɗe. Uzairu ya bi ta gonaki ya je ta'aziyya kamar kowa. Aka buɗe masa akwatunan, ya duba komai, ya mayar ya kulle. Da ya dawo ya ba ni labarin ɗan gilashin kamar mai ba da labarin jariri. Ya ce ya leƙa shi, ya ga kore da ja da shuɗi suna wasa a kansa. Ya ce ba a taɓa fuskarsa da yatsa, ba a hura masa iskar baki, ko ƙura ta hau shi barinta ake yi. Don haka ya yanke cewa kayan ba za su bi daji a kan babur ba. Zai jira a buɗe ƙofa, ya ɗauko su a mota a kan kwalta, cikin akwatunansu.

Damina ta ɗauke, sama ta wanke tas, ƙofa ba ta buɗe ba. Uzairu ya fara ramewa. Shahida ta ce mini yakan zauna da kwano a gabansa har tuwo ya huce. Kullum da safe sai ya biya ta bakin iyaka kafin ya wuce makaranta, ya tsaya yana kallon layin manyan motocin da albasa ke ruɓewa a cikinsu, ya tambayi ko an ji wani labari.

Yaya ya lura. Ba mutum ne mai yawan tambaya ba, amma ba ya iya ganin nasa a cikin damuwa ya zauna. Kuma abin ya taɓa masa girma, a ce ɗan gidanmu yana jiran ƙofa. Tun da aka rufe iyakar nan kayan Yaya ba su fasa shiga da fita ba ko na yini ɗaya. Yana da Dabo, shugaban masu fito da babura, waɗanda ke fita da jarkokin fetur su dawo da shinkafa. Bai shawarci kowa ba, don so yake ya faranta wa ƙanensa rai ba zato. Ya aika wa iyalan Malam Sahabi cewa a ba Dabo kayan, su kuwa da suka ji sunan Alhaji Lauwali ba su ga abin tambaya ba.

Masu fito suna da tsarin aikinsu, kuma tsarin ya ceci kayan mutane da yawa. Akwati ba ya bin daji, don akwati yana jan ido. Duk abin da ke kwancuwa kwance shi ake yi, a naɗe da tsumma a cusa cikin buhunan shinkafa, a rarraba wa babura daban-daban. Balle madubin nan da dogon jikinsa ya yi kama da abin yaƙi, a lokacin da soja suka cika daji. Dabo ya sa sukuddireba ya kwance duk abin da ke da kusa, har 'yar na'urar. Ban ga laifinsa ba, iya saninsa ya yi, kuma ko ƙusa ɗaya ba ta ɓata ba.

Wata Juma'a Yaya ya aiko in zo in taya matansa girki, wai ya yanka rago. Ban san dalili ba. Bayan an sauko masallaci zaurensa ya cika da abokan kasuwa, aka aika a kira Uzairu. Ina tsaye a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida da tulun kunun aya a hannuna, ina ganin komai ta gefen labule.

Uzairu ya cire takalmi ya shigo ya durƙusa. Yaya ya yaye wani zanen gado da ke tsakiyar zauren, sai ga kayan an jera su a kan sabuwar tabarma, kowane ƙarfe yana walƙiya. Na ga Uzairu ya daskare. Idonsa ya bi kayan da sauri yana neman abu ɗaya.

“Ga kayanka, Malam,” in ji Yaya, fuskarsa cike da fara'a. “Gidanmu ba a jiran ƙohwa. Duba da kyau, in akwai abin da yaɓ ɓace ga Dabo nan.”

Sai ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da wani farin ƙyalle a naɗe.

“Wanga ɗai na yab ba ni wahala. Da nib buɗe kayan sai nig ga hetur ya taɓa shi. Kun san yadda hetur ka yi bisa ruwa, kore da ja da shuɗi? To haka dut huskarshi ta yi. Nac ce ma Dabo, kai da jarkokinka kun ɓata ma yaro kaya. Nis sa tsumma, bai hita ba. Nis sa sabulu, shina nan. Sai nac ce a kawo min toka da lemun tsami da soson ƙarhe, irin na zamanin Baba. Wallahi sai da niy yi gumi. Amma duba shi yanzu, ko ɗigon launi babu.”

Mutane suka yi ta sa albarka. Wani ya ce Alhaji da kansa, da girmansa. Dabo ya sunkuyar da kai yana jin kunyar fetur ɗin da bai zuba ba.

Ni tulun ya kusa suɓuce mini. Na san launukan nan, Uzairu ya gaya mini su da bakinsa. Na ga ya karɓi ƙyallen da hannu biyu, ya buɗe, ya ɗaga ɗan gilashin wajen hasken ƙofa. Ya juya shi dama, ya juya shi hagu. Fari ne fat, ya yi hazo-hazo kamar gindin tsohuwar kwalba. Ya daɗe yana juyawa, ana jiran abin da zai ce.

“Allah shi saka da alheri, Yaya,” ya ce. “Allah shi jiƙan Baba.”

Idon Yaya ya kawo ruwa. Ya ce ko Baba na da rai abin da zai yi ke nan. Aka shigo da nama, Uzairu ya ci loma biyu don kada a ce bai ci ba.

Washegari na same shi a gida ya baje kayan a ɗaki yana mayar da kusoshi. Ban ko gaishe shi ba.

“Tashi mu tahi ka gaya mishi.”

“In gaya mishi mi?”

“Gaskiya. Ka ce mishi launin da yag goge shi na abin. Ka san Yaya, in yaj ji, ko ƙarshen duniya aka sai da shi sai ya sa an kawo ma wani kahin wata shi mutu.”

“Na sani,” ya ce. “Zai saya. Amma ya riga ya zagi Dabo gaban mutane, ya yi alhwahari gaban mutane. In maganar ga ta hita, dut kasuwa za a ce Alhaji Lauwali ya dirje ilimin ƙanenai da toka. Mutumin da yab bar karatu don ni in yi. Da wane baki za ni hwaɗa mishi?”

“Da bakin da kaka cin shinkahwarshi.”

Na san maganar ta yi zafi, kuma da gangan na faɗe ta, don in tayar da shi. Bai tashi ba. Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yi wa Yaya, ya ce ya haɗa ni da girman Allah kada in faɗa, ba wa Yaya ba, ba wa matansa ba. Ya ce zai nemi wani gilashin da kansa. Na ce to ko ka aika wa mutanen nan na Turai inda zoben yake, su auna, sunanka dai ya hau. Ya ce ya riga ya yi alkawari, ba zai sake aika abin da ba shi da shaida ba. Na fito ina kuka don haushi. Na ji haushin Yaya da tokarsa, amma na fi jin haushin wannan kara tamu da muke taƙama da ita, wadda ke sa mutum ya ga ana yanka shi ya ce an gode.

Ya nemi gilashin. Aka ce masa irin girman nan an daina yi, sai dai a yi masa na musamman. Ya fara tari daga albashin da dama ba ya isa, kullum in ya kusa sai naira ta ƙara faɗuwa abin ya ƙara nisa. Ya sayar da babur ɗin, ya koma tafiya makaranta a ƙasa. Da Yaya ya tambaya, ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki. Lokacin zoben ya wuce, ya gangara yamma ya bi rana. Cikin azumi aka buɗe iyaka, motoci suka ci gaba da wucewa a kan kwalta salin-alin, irin tafiyar da ya yi ta jira. Ranar ban iya haɗa ido da shi ba.

Da damina ta sake zagayowa, wata rana ya shigo gidana ana yayyafi, rigarsa a jiƙe. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya miƙo mini waya. Wani mutum a wata ƙasa mai nisa, shi ma malamin makaranta ne wai, ya ga zoben nan a hotunan da kowa ke iya gani, ya aika, an taje hasken an tabbatar. An sa masa sunan mutumin da lamba a gefe. A ƙasa akwai zanen awon, wani layi kwance da tsini biyu a tsaye kamar ƙaya.

“Dubi koren, Yaya Mas'uda,” ya ce, yana nuna mini da farce. “Ga jan nan kuma. Kin ga yadda jan yah hi tsawo? Tsoho na ƙwarai. Yadda nac ce.”

Muryarsa ba ta rawa. Har da ɗan murmushi, irin na malami in ɗalibi ya ba da amsa daidai. Na so ya yi ihu, ya fasa wani abu, ya zagi wani, ko ni ce. Sai ya tambaye ni ko akwai sauran fura, na dama masa, ya sha ya tafi.

Tun daga nan bai ƙara zama a ofis bayan an tashi ba. Kwamfutar tana hannun 'ya'yansa suna kallon wasa. Madubin hangen nesan yana jingine a bayan ƙofa, Shahida na rataya hijabi a kai. Har yanzu yana koyarwa, saura kaɗan ya yi ritaya, kuma in aka zo darasin haske yakan shiga aji da tsohon faifan sidi. A majalisa har yau Malam Sama suke ce masa.

Ranar Babbar Sallah da ta wuce muka taru a gidan Yaya kamar yadda muka saba. Ya tsufa yanzu, hawan jini ya taɓa masa ƙafa ɗaya, amma bai manta komai ba. Ya sake ba da labarin toka da lemon tsami, don akwai surukinsa da bai taɓa ji ba, ya ƙara masa gishiri kamar kullum. Uzairu yana durƙushe a gefen tabarma. Da ya gama sai ya juyo.

“Af, Malam, ban ko tambaye ka ba. Hayaƙin nan naka, an gan shi kuwa?”

“An gan shi, Yaya.”

“Shina nan yadda kac ce?”

“Shina nan yadda nac ce.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Yaya, ya gyara zama, ya dubi surukin nasa. “Ka ji ko? Da na bar mishi heturin nan bisa gilashi, da har yau bai ga komi ba.”

Uzairu ya ce, “Gaskiya ta, Yaya.” Ni kuwa na tashi na kwashe kwanuka na kai bakin rijiya, na zauna ina wankewa, ko da yake akwai yaran da aikinsu ke nan.